San da Baba Ya Zana

Akwai wata ƙara da nake ji kusan kullum yanzu, kuma har yau jikina bai saba da ita ba. Ita ce ƙarar da ledar talla take yi in ka kama kusurwarta ka fara ɓare ta daga jikin allo, fiiit, a hankali, kamar ana yage sabon yadi. Aikina ke nan. In hau tsani in ɓare hoton taki in manna na waya, in ɓare na waya in manna fuskar mai neman ƙuri'a. Da shi nake ciyar da gidana, ba na ɓoyewa. Amma duk sanda ledar ta yi wannan kuka a hannuna, sai in ga kaina ina yaro a ƙofar gidanmu nan Dakoro, ina riƙe wa Baba gwangwanin fenti.

Kai mai karatu, ka yi haƙuri da rubutuna. Lakwal da na yi, wato makarantar boko, ba ta kai ko'ina ba. Mushe, malaminmu, ya gaji da ni, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu tun ban kai jarrabawar sartifika ba. Ɗan abin da na sani, a gindin tsanin Baba na koye shi.

Baba mai zanen allo ne. A lokacin, duk shagon da ka gani da rubutu a garin nan, da wuya in ba hannunsa ba ne. Aikinsa da yanayi yake tafiya. In kaka ta yi, hatsi ya shigo, ƴan kasuwa masu kai gero da gyaɗa Najeriya suka ji nauyin aljihu, sai kamyo, manyan motocin kaya, su jeru a ƙofarmu, kowa yana son a zana masa bayan mota. Da bazara kuwa, tun da sanyin safiya yake hawa, don in rana ta ɗaga fenti a bakin burushi yake bushewa. Burushin ma shi yake ɗaura abinsa, da gashin wutsiyar jaki da zare. Gidanmu kullum warin kananzir yake yi, don da shi ake tsinka fenti. Inna takan ce ita ba ta san ɗanɗanon tuwonta ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan.

Amma ba allunan mutane nake son in ba ka labari ba. Namu nake nufi.

Wani faffaɗan tol ne, wato fallen ƙarfe, da Baba ya samo daga jikin mataccen kamyo, maƙeri ya buge masa shi ya miƙe, aka kafa shi bisa sandunan ƙarfe biyu a ƙofar gida, yana duban hanyar da take bi zuwa kasuwar dabbobi. Bai rubuta ko harafi ɗaya a kai ba. Sa ya zana, jan sa irin na Bororo, mai dogayen fararen ƙahoni, ya ɗan juyo da kai kamar ya ji an kira shi. Rani guda ya ɗauka yana yinsa. Ni ke miƙa gwangwani, ni ke shan zagi in na miƙa ja a maimakon ruwan ƙasa.

Wata ranar kasuwa wani tsohon Bafulatani daga wajen Korahan ya tsaya a gabansa, ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Can sai ya ce, "Mai fenti, san nan naka yunwa yake ji. Dubi kwiɓinsa."

Baba ya ce, "Rani ne, baffa. Naka ma haka suke."

Tsohon ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa. To daga nan abin ya samo asali. Da damina ta zauna, ciyawa ta fito, sai Baba ya hau tsani ya cika wa san kwiɓi, ya ɗaga masa tozo. Da rani ya tsananta, sai ya sake hawa ya fito masa da haƙarƙari. Shekara da shekaru haka. Har ta kai mutanen unguwa suna cewa, san mai fenti ya yi ƙiba, a fita noma. Fenti bisa fenti ya yi ta hawa, har in ka shafa hannu sai ka ji tozon ya taso, ka ji layin haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin yatsunka. Ina yaro nakan rufe ido in shafa, in gane inda nake a jikinsa.

Wana kuwa, wanda nake bi, bai taɓa riƙe gwangwani ba. Shi mai ƙwaƙwalwa ne, ban hana masa ba. Ya gama lakwal, aka kai shi Maraɗi, ya zauna can ya kama aiki a wurin masu buga hotuna da na'ura. Sai Sallah muke ganinsa, da takalmi mai ƙyalli. Lokacin da ya dawo gida gaba ɗaya, ni na yi aure har da ɗiya, idon Baba ya fara yin yana, hannunsa yana rawa, kuma masu shaguna sun fara sayo allunansu bugaggu daga birni.

Bayan la'asar ce, muna zaune a zaure, wana ya warware wata naɗaɗɗiyar leda mai hoton buhun shinkafa. Ya ce wani ɗan kasuwa yana son allonmu, don babu allon da ya fi shi kallon hanya a garin. Baba ya ce a'a tun bai rufe baki ba.

Ya ce, "Baba, tsaya ka gani. Wanga gam ɗin ba irin wanda ka sani ba ne. Ba ya bushewa."

Ya aika aka karɓo masa farantin tangaran na Inna. Ya yanki ƴar leda ya manna a kai, ya ɓare, ya sake mannawa, ya sake ɓarewa. Ya miƙa wa Baba farantin. Baba ya shafa, babu danƙo, babu tabo, furannin farantin suna nan yadda suke.

Baba ya ce, "San fa?"

"Yana nan a ƙarƙashi, Baba. Riga ce kawai za mu sa mishi. Ran da ka so ganinshi, a tuɓe."

"Ka ce wallahi."

Ya ce wallahi. A gabana ya faɗa, Inna tana tsaye a bakin ƙofa tana jiran farantinta. Ni na ce ban yarda ba, a kafa wani allon daban. Ya dube ni ya ce, "Kai mi ka sani? Tafi ka wanke burushi." Aka yi dariya, maganar ta wuce.

Cikin satin nan ya shirya mana tafiya Maraɗi, ni da Baba da Inna, a duba idon Baba. Shi ya nemo mota, shi ya haɗa mu da likita. A hanya Inna sai sa masa albarka take yi. Da muka dawo, buhun shinkafa ne a ƙofar gidanmu, fari fat, yana ƙyalli a rana, an share gindin allon tas har an yayyafa ruwa.

Baba bai shiga gida ba. Ya ce in kawo tsani. Na riƙe masa ya hau, ya ɗora tafin hannunsa a kan ledar, ya ja shi daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali. Ya sake komawa. Sannan ya sauko ya goge hannun a rigarsa.

Wana ya ce, "Ka ji ko, Baba? Lafiya lau yake kwance."

Baba ya ce, "To."

Daga ranar bai ƙara zama a ƙofar gida ba. Ya mai da tabarmarsa cikin gida, gindin darbejiya. Gwangwanayen fenti ya ba Inna ta riƙa zuba wa kaji ruwa. Damina ta zo, na ce masa, Baba, a tuɓe wa sa riga mu cika masa kwiɓi, ni zan hau, kai ka riƙa faɗa mini. Ya ce, "Bar shi ya huta." Na ɗauka ciwon ido ne ya kashe masa jiki. Hotuna suka yi ta canzawa a kan allon, shinkafa, taki, sabulu. Wana da kansa yake canzawa, kuma ban taɓa dacewa da ranar ba. Kullum sai na dawo daga gona, ko daga shafa wa wani gida fenti a Ajekoriya, in tarar an yi.

Bayan Baba ya rasu, an yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, Inna ta kira ni da hantsi. Ta ce, "Ka buɗe mini san nan in gan shi. Shi kaɗai ya rage da hannunsa a kai."

Ta fito da mayafin takaba ta tsaya a ƙasa. Mai shayin da ke gefenmu ya taso, maƙwabta biyu uku suka matso, amma na lura babu mai kallon allon, ƙasa suke kallo. Na hau, na sa farce a kusurwar sama, na ja. Ledar ta taho salin alin.

Tol ne kawai a ƙasanta. Tol tsirara, an goge shi da takardar yashi har ƙarfe ya fito, sai zane-zanen gugar suna ɗaukar ido. Na ci gaba da ja, ina cewa ko ƙahon, ko kofato ɗaya. Na ɓare har ƙasa. A can bakin ƙarfe, inda hannu bai kai ba, na ga ɗan jan fenti da bai fi faɗin farce ba. Shi ke nan.

Mai shayi ya ce, "Wallahi mun ɗauka kun sani. Ran da kuka tahi Maraɗi, tun safe ake gugarshi. Jar ƙura har cikin kofunana."

A kan tsanin nan na tuna tafin hannun Baba yana tafiya a kan ledar. Mutumin da ya ɗora tozon da hannunsa, shekara bayan shekara, ya shafa ya ji sumul. Tun ranar ya sani. Ya ce "to", ya shiga gida, ya zauna da abin a cikinsa har ya mutu, don kada ya kira ɗansa maƙaryaci a gaban mutane.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Mayar. Rufe shi." Na mayar da ledar, na bi ta da hannu, ta koma ta manne kamar ba a taɓa ta ba. Wannan kaɗai ce gaskiyar da wana ya faɗa a zaure.

Na je na sami wana a shagonsa. Ko kujera bai motsa ba. Ya ce, "Ka taɓa ganin an manna leda a kan tudu? Iska za ta shiga ƙarƙashi, kwana biyu ta tashi. Sai wuri ya yi sumul kamar faranti. Da na faɗa mishi, da bai yarda ba. Abincin da kuka ci shekarun nan, san ne ya kawo?"

Na ce, "Yaya, ka rantse da Allah."

Ya ce, "Na yi kaffara."

Ka ji fa. Ya yi kaffara. Tsakaninsa da Allah ya gyara abinsa, mu kuwa ko a jikinsa.

Yanzu da na iya aikin, na san ba kuskure wana ya yi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Abu na farko da ake koya maka shi ne allo ya zama sumul. Ka wanke shi da ruwan sabulu, ka bari ya bushe, ka daidaita sama, ka riƙa zare takardar baya kaɗan-kaɗan kana bi da roba daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Ko ƙwayar yashi ɗaya ce a ƙasa, sai ta nuna. Wanda ya yi wata guda a aikin ya san haka. Shi ya yi shekaru. Lokacin da ya aika a karɓo farantin Inna, ya san dalilin da ya sa faranti ya nema.

Muna gaisawa. Ran Sallah ina zuwa gidansa, don ni ne ƙarami, in durƙusa in tashi. Mutane suna cewa abu ya wuce, fenti ne kawai. Garin ma ya koma haka, allon da ka gani yau ba shi za ka gani wata mai zuwa ba, kuma babu wanda yake tsayawa ya kalla, balle ya yi gardama da shi.

Kwanan baya ƴata ta biyu, wadda aka haifa bayan rasuwar Baba, ta raka ni kasuwa. A lakwal an ce kowa ya faɗi sana'ar kakansa. Na ce mata kakanki shi ya zana garin nan kaf, daga tasha har kasuwar dabbobi. Ta ce in nuna mata. Na tsaya a tsakiyar hanya, na ɗaga hannu, na juya gabas, na juya yamma. Duk inda na duba leda ce, rabi ma ni na manna ta.

Ta ce, "Baba, ina?"

Na sauke hannuna, na ce mu tafi, rana ta yi.