Taku Sittin da Uku

In ka fita Katsina ta Ƙofar Guga ka miƙe yamma har gidaje su ƙare, akwai inda titi ya rabu uku. Ɗaya ya nufi Jibiya, ɗaya ya zagaya bayan gari, na ukun ɗan reshe ne da ya lanƙwasa dama, shi manyan motoci ke bi don kada su shiga cikin gari. An kafa wani koren allo mai farin rubutu a wurin. Ban san abin da aka rubuta ba, ban yi karatu ba. Abin da na sani, matata tana ƙarƙashin reshen nan na dama.

Lokacin da ta rasu babu titi. Yashi ne da gonakin gero, sai wata 'yar maƙabarta ta mazauna bayan ganuwa, irinmu da muka baro ƙauye neman aiki. Amai da gudawa ne, tsakiyar damina. Kwana biyu ta yi. Haihuwarta biyu, babu wanda ya zauna, saboda haka ni kaɗai ta bari.

A wajenmu in an sa mamaci a ramin ciki, sai a jera itace a kai, ko fasassun tukwane, a liƙe da laka, sannan a tura ƙasa. Ranar nan itace ya ƙare, don mutum huɗu aka rufe kafin ita. Na koma ɗaki na ɗauko randarmu da tukwanenta biyu. Randar nan a ka ta ɗauko ta tun daga ƙauye. Na zubar da ruwan, na fasa ta da bayan fartanya. Da su aka rufe ta.

Can gefe aka ajiye ta, dab da gonar wani, don tsakiya ta cika. Ba a sa suna a kabari. Akwai aduwa guda a bakin hanyar ƙafa. Da mutane suka watse na jingina bayana da ita, na fuskanci gabas, na taka har inda take. Sittin da uku. Na koma na sake, sittin da uku. Shi na riƙe.

Bayan sadakar arba'in na bar garin. Na yi dako a Kano, na yi fasa dutse a kudu. A can dutse ya gangaro ya same ni a cinya. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashin ya haɗe amma ƙafar ta gajarta. Tun daga nan nake ɗingishi. Mutum yakan saba. Ni har na manta na taɓa yin wata tafiya da ba wannan ba.

Shekara takwas na yi. Na dawo Katsina shekarar da soja suka koma bariki. Ko'ina hotunan 'yan siyasa ne a bango, kowa na cewa yanzu za a ga aiki. Aikin da na gani shi ne titi. Wani kamfani ya zo da katafila zai ja hanya ta bayan gari, ana ɗaukar leburori. Na je aka ɗauke ni. Helumanmu, wato shugaban leburori, mutumin Ƙofar Kwaya ne, dogo, tsawonmu ɗaya, bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar farko ya sa mani suna Sarkin Tafiya.

A sati na biyu na ga inda aka kafa jajayen turaku. Ta kan maƙabartar suka bi.

Mai shela ya zaga unguwa. Duk mai wani a wurin ya zo ranar Alhamis ya nuna, a kwashe a mayar sabuwar maƙabarta. Kaburburan da ake gani za a kwashe su ko da mai su bai zo ba. Juma'a a huta, Asabar katafila ta shiga.

Na je tun da safe. Damina takwas ta daddanne wurin. Tsakiya akwai 'yan tudu-tudu, amma gefen gabas ya baje, har an yi shuka a kai, karan gero ne a tsaye. Aduwar tana nan, an shafa mata jan fenti. Tsohon da ya haƙa kabarin matata shi ke jagorancin aikin. Ya ƙara tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Muka gaisa, ya tambayi bayan rabuwa, ya yi mani gaisuwar da ya yi mani shekara takwas da suka wuce kamar jiya aka yi.

Na jingina da aduwa, na fuskanci gabas, na taka. Sittin da uku ta tsayar da ni a kan wani ɗan tudu, da kaburbura dama da hagu.

Na ce, "Baba, da can a gefe take."

Ya ce, "Gefen da can ai shi ne tsakiyar yau. Ka san mutum nawa na rufe bayan tahiyarka?"

Maganar ta shiga hankali. Muka haƙa. Da muka kai ramin ciki sai ga itace, ya ruɓe ya yi baƙi.

"Ba ita ba ce. Randa na sa."

"Ka tabbata?"

"Da hannuna na fasa."

"To koma ka sake ƙirga."

Na koma. Nan dai na sake tsayawa. Muka buɗe na dama, itace. Muka buɗe na hagu, ƙaramin yaro ne. Zuwa lokacin an yi la'asar. Sauran mutane sun gama, kowa ya naɗe nasa a sabon farin ƙyalle, an jera a bayan a-kori-kura, ni ake jira. Direban katafila na kwance a inuwar motarsa yana jin rediyo, ana ta faɗin waɗanda za a ba muƙami. Wani malamin kamfani na tsaye da takarda yana duba agogo.

Tsohon ya ja ni gefe. "Malam, ranar nan biyar muka rufe, ruwa na zuba, kai kuma ba ka cikin hankalinka. Ƙila randar ga wani aka sa."

"Ƙila."

Na duba ramin farko. Na ce, "Ƙashin mace ne?"

Ya ce, "Ƙashi ne."

Tukunyar ƙasa ba ta ruɓewa. Na san haka, shi ma ya sani. Amma na gaji, mutum wajen ashirin na kallona, kuma ƙirgata ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na ce ita ce, a ɗauka. Malamin kamfani ya miƙo takarda, ya shafa mani shuɗi a babban yatsa, na dangwala. Muka kai su sabuwar maƙabarta muka rufe kafin magariba.

Ranar Asabar aka kayar da aduwa. Ina cikin masu jan rassa. Katafila ta baje wurin, tifa ta yi ta juye jar ƙasa, motar daɓe ta bi ta kai sama da sati. Na yi aikin kamar kowa. Wani lokaci in ana tura ƙasa nakan duba ko zan ga ɓarin randa. Ban gani ba. Na ce wa raina tsohon ya yi gaskiya.

Aka yi wata uku. Aka zuba kwalta. Saura jera fararen duwatsu a bakin titi, don an ce manya za su zo buɗewa. Wannan ba aikin awo ba ne, heluma ya ce kowa ya ɗauki gefe, duk taku goma ya ajiye dutse. Na yi nawa. Da ya zo dubawa sai ya tsaya, ya riƙe ƙugu.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni."

"Sarkin Tafiya. Taku nawa na ce?"

"Goma."

"Goman wa? Goman kaza?"

Aka yi dariya. Na ce goma ne, na ƙirga. Ya ce to tsaya ka gani. Ya taka daga dutse zuwa dutse yana ƙirgawa da ƙarfi. "Takwas. Ka gani? Kai da ƙafarka guda ta tahi kudu ba ta dawo duka ba, ai sai ka riƙa ƙara biyu gyara."

Suka ci gaba da dariya. Ni dutsen da ke hannuna na ajiye a hankali.

Kututturen aduwar yana nan bayan lambatu, ba a tone shi ba. Da aka tashi cin abinci na sami heluma.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. Ka jingina da kututturen can, ka fuskanci gabas, ka taka mani sittin da uku."

"Mi aka binne, tukunyar zinari? In an samu rabi nawa ne."

"Ka dai taka."

Ya ajiye kwanonsa ya taka, yana ƙirgawa yana wasa da murya irin ta soja. Ina biye da shi. A hamsin ya wuce inda muka haƙa. Ya hau sabon titi. Ya tsaya a tsakiyar reshen dama, daidai inda ya fara lanƙwasa. Kwaltar kwananta huɗu, tana kama takalmi. Nan ne inda karan gero yake a tsaye ranar Alhamis ɗin nan. Ina kallon wurin a lokacin, ban ko taka shi ba.

Ya juyo yana murmushi. "Sittin da uku. Ina zinarin?"

Na gaya masa. Ya duba ƙafafunsa, ya ɗaga ɗaya, ya ja da baya har ya sauka daga kan kwaltar. Daga ranar bai sake ce mani Sarkin Tafiya ba. Da ya ci gaba ma da ya fi mani.

Shi ya je wajen injiniya. Ina hango su daga nesa, heluma na nuna titi, injiniya na girgiza kai. Aka kira malamin nan ya buɗe takarda. Heluma ya dawo yana kallon ƙasa.

"Sun ce ka dangwala cewa an kwashe taka. Sun ce ba a fasa sabon titi saboda ƙirgar ƙafa. Ka yi haƙuri."

"Ni zan haƙa, ni zan mayar."

"Na faɗa masu."

Na je wajen tsohon mai haƙar kabari. Na same shi a ƙofar gida yana gyara ƙotar magirbi. Ya saurara har na gama. Ya ce ƙasa duk ta Allah ce, addu'a kuma daga ko'ina tana isa. Na ce na sani. Na tambaye shi wanda na ɗauka, wane ne. Ya ce bai sani ba.

An buɗe titi, an yi kiɗa, an yanka ƙyalle. Kamfani ya kwashe kayansa ya tafi. Ban sake barin Katsina ba.

Ranar Juma'a nakan je sabuwar maƙabarta wajen wancan da na ɗauka. Ban san ko mace ce ko namiji ba. Ni na tayar da shi daga inda yake, kuma babu mai zuwa masa. Matata kuwa ba a iya tsayuwa a kanta. Nan tirela ke taka birki kafin ta sha kwana. Sau ɗaya na gwada tsayawa na ɗaga hannu zan yi addu'a, wani direba ya danna ham, ya zagi uwata, ya ce in mutuwa nake nema in nemi wata motar.

A damina ta uku kwaltar wurin ta lotsa. Ba babban rami ba ne, kamar faɗin faifai biyu. Duk motar da ta faɗa sai ka ji dim. Na kasa jin wannan ƙarar. Na samo tsohon shebur da bokiti, na riƙa ɗebo ƙasa ina cikewa ina daɓewa da ƙafa. Ruwa ya wanke, in sake. Masu gyaran titi sun zo sun liƙe shi sau biyu, yana sake buɗewa a wuri ɗaya.

Bara ya yi zurfi sosai. Da mota ta ɗauke na durƙusa na zura hannu har gwiwar hannu, ina lalube. Jar ƙasar da muka zuba ce. Matata tana can ƙasa da haka.

Direbobi sun ɗauka ina cikin masu cike ramuka don a ba su sadaka. Wasu kan rage gudu su ce sannu da aiki Baba, su jefo 'yan canji ta taga. Da farko ba na taɓawa. Yanzu ƙarfin dako ya ƙare, kuma babu mai ɗaukar gurgu lebura. Ina ɗauka.