Ba Ruwa

Duk wanda ya zauna Zongon Kumasi a shekarun da ake ta maganar 'yancin kai ya san Mumuni ɗan ga-ruwa. Bazabarme ne, ya gangaro daga wajen Dosso yana saurayi, ya yi dako a unguwar Adum har bayansa ya gaji, sannan ya samu garwa biyu da sanda ya koma bakin famfo. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, mata na yi masa tsiya yana dariya. Matarsa Mamuna ta haihu uku, ƙasa ta karɓe biyu. Lariba kaɗai ta rage masa, ita ce ransa.

Lariba na shekara huɗu ƙishirwa ta kama ta. Kai, ba ƙishirwar yara ba! Ta shanye moɗa ta miƙo, ta tsuguna ta fitsarar, ta koma gindin randa. Ido ɗaya ya turo waje, wani kumburi ya fito mata a ka, in ka danna sai yatsa ya lotsa, babu ƙashi a wurin. Mma Zuleha, tsohuwar ungozoma ta gidan hayarsu, ta taɓa ta ce ruwan da yarinyar ke ɗirka ne yake taruwa a kanta. An sha rubutu, an yi turare, an je Tafo wurin mai saiwa. Shiru kake ji.

Da abin ya ci tura, Mumuni ya goya ta zuwa wani asibiti. Likita Bature ya ɗauki hoton kan, ga ƙashi kamar tabarmar da gara ta ci. Ya ce wasu ƙwayoyi ne masu tsaron jiki suka taru inda bai kamata ba suna cin ƙashi, har sun taɓa abin da ke riƙe ruwa a jiki. Ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, ko a Turai ba a san mafarinsa ba. Magani sai an aiko daga Akra. Kafin ya zo, a ba ta ruwa duk yadda ta nema, shi ke riƙe da ranta.

Da Turanci ya faɗi wannan duka. Tafintan asibitin kuwa ɗan ƙabilar Asante ne, a bakin mahauta ya tsinci Hausarsa, ga layi a bayansu har waje. Sai ya dunƙule zancen ya ce, "Aboki, dokita ya ce ba ruwa. Kullum ba ruwa."

Wayyo Hausa! Shi tafinta nufinsa a ba da, Mumuni ya ji babu. Bahaushen haihuwa da ya tsaya ya tambaya, "A ba ta ko a hana ta?" Amma baƙo ne ya faɗa, baƙo ne ya ji, kuma ga maganar Mma Zuleha ta riga ta zauna masa. Ya yi godiya ya fito.

Ranar ya ɗaure bakin randa da igiya. Mutumin da ke shayar da unguwa ya koma tsoma tsumma yana goga wa 'yarsa a leɓe. In ya shigo da garwa sai ta bi shi tana lasar ɗigon da ya zuba a ƙasa, ya janye ta. "Baba, kaɗan. Baba, don Allah." Ya kan fita bayan gida ya yi kuka irin na mata, ya share fuska ya dawo. Mamuna ta saci moɗa ɗaya ta ba ta, ya kama ta, ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba.

"Maigida, 'yar nan bushewa take yi!"

"Likita ya fi mu sani. So ake mu binne na uku?"

Kwana kaɗan Lariba ta daina roƙo. Mumuni har ya yi murna, wai ƙishirwar ta fara sakinta. Da hantsi Mamuna ta ɗaga ta, wuya ya langaɓe, harshe ya kafe. Ya saɓa ta a kafaɗa, da gudu har asibiti, ko takalmi babu.

Tafintan nan ne a bakin ƙofa. Ya ja fatar hannun yarinyar, fata ta tsaya a tattare. Ya daka tsawa, "Me ka yi? Na ce ba ruwa!"

"Wallahi ban ba shi ba," in ji Mumuni. "Ko da ya yi kuka ban ba shi ba."

Sai tafinta ya fizgi kofi ya cika, ya danna masa a hannu. "Ba! Ba shi! Ya sha!"

A nan Mumuni ya gane. Ya zube a siminti da ita a cinya, ya kai kofin bakinta. "Sha, uwata. Sha duka, na yarda. Baba ya yarda." Ruwan ya cika bakin, ya gangaro ta gefe ya jiƙa masa riga. Bai daina zubawa ba, sai da likita ya zo ya riƙe masa hannu.