Fatar Salka a Pampon Esansi

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, wani ƙauye arewa da Dakoro ta wajen Tagriss, ba da daɗewa ba bayan Nasara sun sauka daga mulki. Da na gama wankan jego aka aika wa maigidana ya zo ya ɗauki iyalinsa. Kowa da raƙumi ko takarkari yake zuwa. Shi kuwa, da yake direban wani Alhaji ne mai fataucin hatsi, sai ya aro tsohuwar motar da Alhajin ya saya a hannun wani Nasara mai komawa gida. Baƙa ce mai dogon hanci, kuma na rantse ta girme ni. Ya shigo ƙauye yara na bin shi da gudu, shi yana ta hura hanci. Ni dai tun da na gan ta gabana ke faɗuwa.

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ce 'yar rakiya, ita ce kuma ta riƙe jaririn. A wurinmu uwa ba ta ɗaukar ɗan fari gaban manya, ba ta kallonsa, ba ta kama sunansa. Nono ma sai an miƙo mini shi, in juya baya in ba shi kamar an tilasta ni. Miji kuma ba a yi mishi magana gaban gwaggo. Haka na shiga bayan mota tsakanin ƙoran gara, bakina a rufe.

Bazara ce, irin wadda ƙarfe ke ƙona hannu tun hantsi. Ruwanmu duka yana cikin salkar gwaggo, ta fatar akuya, rataye a jikin mota. Ba mu yi nisa ba mota ta tafasa. Maigida ya sauka ya tuttula mata fiye da rabin salkar.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, mu hwa mi za mu sha?"

Ya ce, "Haba Gwaggo, Dakoro ga ta nan. Kahin azahar kina bisa tabarma."

Rana na tsaka mota ta fara tari. Ta fizga, ta sake fizga, ta mutu a wani fili da babu komai sai rairayi da wata aduwa guda mai inuwa kamar rariya. Ya juya ƙarfen tayarwa a gaban mota har rigarsa ta jiƙe, ko uffan. Ya ɗaga kapo, murfin inji, ya zare wani siririn bututu, ya sake juyawa, bai ga ɗigon esansi, man mota, ba. Sai na ji ya ce a hankali, "Pampo ne." Wato abin da ke tura wa inji esansi.

Ya kwanto shi daga jikin inji, abu bai fi dunƙulen hannu ba, da wani ɗan hannu na ƙarfe a gindinsa. Ya karɓi faifan gwaggo ya zauna ƙarƙashin aduwa. Ya ja layi da bakin turnabis, ƙarfen kwance kusa, a gefen abin don ya gane yadda zai mayar, sannan ya kwance kusoshin da ke kewaye, ya raba shi biyu. A tsakiya akwai wata baƙar fata zagayayya, a ƙarƙashinta wata murɗaɗɗiyar waya mai tsalle. Ya ɗaga fatar sama, rana ta ɓullo ta cikinta. Ta tsage tun daga tsakiya har baki. Ya gaya wa gwaggo wai ita ce ke numfashi tana jawo esansi daga baya, in ta huje mota ba ta da abinci.

Duk wannan lokaci yaron kuka yake. Aka miƙo mini shi, na ba shi, ya ja ya saki, ya ja ya saki. Nono ya ɗauke. Tsoro da ƙishirwa sun shanye shi. Gwaggo ta tatse ragowar salka cikin 'yar ƙwarya, ba ta ma cika ba, ta ce in sha. Na sha, amma babu abin da ya sauko.

Maigida ya yanko robar cikin taya ya gwada. Ya ɗaura, ya juya, mota ta tashi, har gwaggo ta fara hamdala. Ba mu wuce jifan dutse ba ta sake mutuwa. Da ya buɗe, esansi ya kumbura robar ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Muka dawo da ƙafa inuwar aduwar nan, ya sake baza kayansa a faifai, ya yi tagumi. Can sai idonsa ya sauka kan salka.

Gwaggo ta riga shi. "Kul! Ko da wasa. Ɗauki salkar ga ka bi sawun shanu, akwai rijiyar Hilani gabas. Ka ɗebo muna ruwa mu rayu, motar Alhaji ta ci kanta."

Ya ce, "Gwaggo, kahin in je in komo rana ta hwaɗi. Yaron ga ba ya kai nan."

"In ka yanka ta, ta ƙi kamar robar hwa? Da mi za ka ɗebo ruwan, da hularka?"

Salka ɗaya ce. In ta tafi rijiya babu pampo, in ta shiga pampo babu abin ɗiban ruwa. Suna cikin wannan ja-in-ja na lura da abin da su ba su lura da shi ba. Kukan ya tsaya. Gwaggo ta lulluɓe shi da gefen zaninta, ƙafa ɗaya ce kawai a waje, kuma ba ta motsi. Wallahi ban san ko don rana ta rufe shi ba, ko don abin da ake rufe mutum dominsa. Na kasa tambaya. Tsoro ya kama ni har haƙorana na haɗuwa cikin wannan zafi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizgo salkar, na jefa ta gaban maigida, na ce da ƙarfi, "Yanka ta! Ɗana zai mutu kuna gardama!"

Gwaggo ta buɗe baki ta dube ni.

Ya farke salkar da wuƙa, ya zaɓi wajen ciki inda fata ta fi laushi, ya kankare gashin. Ya ɗora tsohuwar fatar pampon a kai ya zagaya da bakin wuƙa, ya fitar da biyu ya haɗa su. Ramukan kusoshi da tsinken kitsona ya huda su, ni ina danne mishi fatar da yatsa. Na buɗe ƙwaryar gara na lakato man shanu ya murza mata. Wajen mayarwa wayar nan ta yi tsalle ta faɗa rairayi, raina ya tafi tare da ita, sai gwaggo ta nuna da haɓa, ga ta can gindin aduwa. Ya sa kusoshin sako-sako, ya danne ɗan hannun ƙarfen don fatar ta lotsa, sannan ya ɗaure su, wannan gefe sai wancan. Ya ɗora yatsa a bakin ramin ya motsa hannun. Na ji abin ya yi wani ɗan kuka kamar kwaɗo.

Ya mayar da shi jikin inji, ya tsotsi bututu ya tofar da esansi, ya yi bisimilla ya juya ƙarfe. Shiru. Ya sake, shiru. Ni kam na rufe ido ina kiran sunan Allah. Sai ƙasa ta girgiza ƙarƙashin ƙafata, mota ta tashi.

Bai nufi Dakoro ba, sawun shanu ya bi. Duk tarin da motar ta yi sai numfashina ya tsaya. Yaron na cinyar gwaggo a lulluɓe, ni ina kallon ƙafar nan kawai. Da muka hango garke da mutane bakin rijiya na dire tun mota ba ta gama tsayawa ba, na ƙwace shi daga hannun gwaggo na ruga ba takalmi.

Wata dattijuwar Bafillata ta buɗe zanin. Idonsa a rufe, maɗigarsa ta faɗa, amma ƙirjinsa na ɗagawa kaɗan kaɗan. Ta jiƙa tsumma ta shafe shi, tana ɗiga mishi ruwa a leɓe. Ni kuma ta dura mini ruwa da madara har na ƙoshi. Wajen la'asar nono ya sauko, ya kama da ƙyar. Matar ta ce kada mu yi murna tukuna, sai ruwan ya ratsa shi ya fito.

Muka zauna jira. Gwaggo ta karɓe shi ta ɗora a cinya. Inuwa ta yi tsawo, shanu suka fara watsewa, ni ina zaune idona na kansa. Can sai gwaggo ta zabura ta ɗaga shi sama.

"La ila! Ɗan banza ya jiƙa mini zani!"

Tana zaginsa hawaye na zuba a fuskarta. Sai ta miƙo mini shi, gaban maigida da Filani da kowa, ta ce, "Ungo ɗanki, riƙe shi da kyau."