Na Sayi Kayan Kwamfuta Kamar Albasa, Na Rasa Wasan Taubashina

Ina yi wa Edita da masu karatu sallama. A lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da huɗu, ina ɗaukar bidiyon biki da suna a Malanville, kuma a ganina duk garin babu wanda ya kai ni iya sayayya. Mahaifina dillalin albasa ne, cikin buhuna na tashi. Tun ina ƙarami ya koya mini kada in kwashe kaya wurin mutum ɗaya. In zaga kasuwa, kowane tari in tsamo wadda ta fi girma da ƙwari, sannan in haɗa buhuna. Wannan dabarar ta ciyar da gidanmu, ni kuma na ɗauka babu abin da ba za a saya da ita ba. Ga ni da saurin fushi, ga son a ce na iya.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda yake zaune a Gaya, tsallaken kogi. Kusan kullum yakan ƙetaro ya yi gyaran waya a gefen shagona. Ya ɗan zauna a Yamai, can ya koyi cikin kwamfuta kamar tafin hannunsa. Wanda ya san wasan taubasai ya san irin zamanmu. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Buhun Albasa, ni kuma in ce masa Ɗan Tsallake mai cin shinkafarmu ba godiya. Idan muka fara, har masu jiran gyaran waya sukan manta abin da ya kawo su. Wata tsohuwar kwamfutar hannu muke aiki da ita. Da na ɗora mata bidiyon biki sai ta yi zafi ta sandare, uwar amarya kuma tana ƙofar shago tana tambayar ina fim ɗin 'yarta. Shi ne ya fara kawo shawarar mu haɗa tamu babba da hannunmu, wadda za ta yi mana haɗa bidiyo da safe, bayan la'asar kuma mu buga wasan ƙwallo a kanta, ya ci gaba da lallasa ni kamar yadda ya saba.

Ya yi makonni yana bincike kafin ya rubuta jerin kayan a wata takarda da ya yago daga littafin makaranta. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'ura, kuma tana zama ne a wani gurbi a jikin babban allon da muke kira kat mer, wanda komai yake maƙalewa a kansa. Kowace furosesa da irin gurbinta, kamar tukunya da murfinta. Ya ce ram, waɗannan 'yan sandunan da suke sa aiki ya yi sauri, kowane zamani da inda aka tsaga shi, na yau ba ya shiga ramin na jiya. Kat girafik mai fitar da hoto kuwa sai an auna tsawonsa da akwatin da za a jera kayan a ciki, an kuma tabbata akwatin wuta zai iya ciyar da shi. Har fanka ya zaɓa babba saboda zafin garinmu. Ina ta gyaɗa kai, amma gaskiya rabin hankalina yana kan yadda abokai za su cika shago su gani. A makon ne gwaggo ta kwanta ciwo, dole ya koma Gaya jinya. A bakin ruwa, yana shirin shiga kwale-kwale, ya sake ja mini kunne cewa ko harafi ɗaya kada in canza a takardar sai na kira shi.

Albasar da na noma a Garou ta yi kasuwa a shekarar, na samu abin hannu, sai na shiga sayayya irin ta gidanmu. Wani direban babbar mota mai zuwa Kwatano ya turo mini hoton wata furosesa, ya ce mai shagon ya rantse ta fi ta takardar ƙarfi, na ce ya kawo. Kat mer kuma wani ɗan kasuwa daga Yamai ya nuna mini wata mai fitilu masu launi, na ga ta fi ta taubashina kyau nesa ba kusa ba. Ram na samo a Kamba, na zaɓi mafi yawan lamba. Kat girafik na ɗauki wani ƙato mai fanka uku. Ban kira shi ko sau ɗaya ba. Na gaya wa kaina ba na son in dame shi yana jinya, amma ainihin abin da nake so shi ne ya dawo ya tarar na fi shi ido, ko da sau ɗaya ne.

Ranar da ya dawo na tara abokai bayan la'asar, aka ɗora shayi, na jera kwalaye a kan tebur. Ya rame sosai, jinya ta ci shi. Ya ɗauki kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, sai ya fashe da dariya, dariyar da na tabbata ya yi makonni bai yi irinta ba. Ya ce wa jama'a su zo su ga Buhun Albasa ya sayo tukunya a Yamai, murfi a Kwatano, ludayi a Kamba. Ya ce kowanne a cikinsu mai kyau ne, amma babu biyun da za su zauna tare: furosesar ba ta wannan gurbin ba ce, ram ɗin tsagarsa daban, kat girafik ya fi akwatin tsawo da yatsu uku. Kowa ya yi dariya. Wasa ne irin wanda ya yi mini sau dubu, kuma a ƙarshe ya ƙara da cewa kada in buɗe komai, tunda suna cikin kwalinsu za a iya musanya su. Ni kuwa kunya ta riga ta rufe mini ido. Na ce masa wanda bai zuba komai ba sai biro da takarda bai kamata ya yi wa mai kaya iko ba, kuma dama baƙin ciki yake yi don ni na iya saye, shi kuwa bai iya ba. Ya ci gaba da murmushi yana jiran in yi dariya, don ya zaci wasan ne. Ban yi ba.

Don in nuna masa, na farke kwalin, na ɗora furosesar a gurbin da ba nata ba. Ta ƙi zama. A cikin gurbin akwai wasu 'yan allurai sirara kamar gashi, jere ɗaruruwa. Ya miƙo hannu a hankali ya ce in bari don Allah, na ture hannun, na danna da babban yatsa, na ja murfin gurbin da ƙarfi. Wata 'yar ƙara muka ji, ba ta kai ta fasa gyaɗa ba. Da na ɗaga, alluran sun kwanta. Maimakon in yi shiru, sai na ce bakinsa ne ya jawo. Ya ɗauki takardarsa daga tebur, ya miƙar da ita, ya danne ta da kofin shayi. Sannan ya tattara 'yan kayan gyaransa, ya yi wa kowa sallama, ya juyo ya kira ni da cikakken sunana, ya sa Malam a gaba, ya ce sai wata rana.

Na yi kusan shekara kafin in farfaɗo daga asarar. Na rabu da kayan da suka tsira, na ɗauko takardar, na bi ta layi layi ba tare da na canza komai ba. Ranar da na haɗa na danna maɓalli, fanka ta juya, allo ya kawo haske a karon farko. Ni kaɗai ne a shagon. Na juya takardar don in ga ko na tsallake wani abu, sai na ga ya ƙara layi ɗaya a baya wanda ban taɓa lura da shi ba: manet biyu, wato abin riƙewa a buga wasa, ya ja layi a ƙarƙashin biyun, ya rubuta a gefe cewa ta Buhun Albasa a samo mai ƙwari don yana jifa da ita in an ci shi. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Gwaggo ta rasu a daminar da ta biyo baya. Na ƙetara ta'aziyya, na ja shi gefe na roƙi gafara. Ya ce ya yafe tun ranar, babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo mini ruwa da hannu biyu, ya raka ni har bakin kogi kamar babban baƙo. Na yi ta tsokanarsa a hanya, na ce masa Ɗan Tsallake, ya yi murmushi kawai ya ce a gai da gida. Daga baya ya koma Yamai da zama. Duk sallah yakan kira ni, ya ce yaya Malam da iyali, ya yi addu'a, ya kashe waya. Ban san girmamawa tana da ciwo haka ba. Kwamfutar tana nan tana aiki, ko bidiyon kwana uku na ɗora mata ba ta gajiya, iyayen amare sun daina tsayuwa a ƙofata. Amma bayan la'asar, in na ji masu kwale-kwale sun sauke mutanen Gaya, har yau nakan ɗaga kai in dubi hanya. Ina kewarsa ƙwarai.

Abin da na koya shi ne kayan kwamfuta ba tarin albasa ba ne. Mai shirin haɗa tasa ta farko ya fara da tambayar ko wannan zai zauna da wancan, kafin ya tambayi wanne ya fi ƙarfi. Ya duba gurbi, ya duba tsagar ram, ya auna akwati, ya auna wuta, kuma duk abin da ya ƙi shiga da sauƙi kada ya danna shi. In kuma Allah ya ba ka wanda ya zauna ya rubuta maka takarda, ya san ka har ya san yadda kake jifa in an ci ka, to ka haɗiye dariyar da ya yi maka a gaban mutane, ba za ta kashe ka ba. Ni na sayi manet biyun kamar yadda ya rubuta. Tawa har ta goge. Tasa tana cikin ledarta a kan kantar shago, ina jiran ranar da waya za ta yi ƙara in ji an ce Buhun Albasa.