Ƙusoshi da Gawayin Buntu

A shekarar da mutanen Mubi suka cika Jimeta da ƙunshin kaya a ka, ni rijiyar bappana ta Damare ce ta hana ni sukuni. Na gama karatun sinadarai, ban sami aiki ba. Gwajin da na yi wa ruwan ya nuna alamar arsenik, guba marar launi da ɗanɗano mai cin jiki a hankali. Ban ce tabbas ba, don kayan gwajin sun tsufa. Amma tafin hannun bappa ya yi kanta baƙa irin wadda gubar ke kawowa, ga iyalai uku na 'yan gudun hijira suna sha daga rijiyar.

A bayan gidanmu na Luggere na ƙona buntun shinkafa da totuwar masara, na daka gawayin. Arsenik na manne wa tsatsa, don haka na sayi ƙananan ƙusoshi, na jiƙa su har suka yi ja. Na ɗura duka cikin bututun roba, na toshe bakinsa biyu. Bai zo mini a rai ba yadda wani zai ga abin.

Na sa shi a jaka zan kai Damare. A bakin kasuwa 'yan banga ke binciken jaka saboda tsoron bam. Ɗayansu ya zaro bututun, ya cire marfin, ya ga baƙar hoda da ƙusoshi, ya yi tsalle baya, ya ce bam ne. Gora ta farko a kunnen hagu ta same ni. Na faɗi, aka hau ni da takalmi da katakon rumfa. Na ji haƙorina a kan harshe. Wani ya rataya mini taya, wani ya ruga neman fetur.

Madam, 'yar ƙabilar Ibo da ta sayar mini da ƙusoshin, ta kutso tana cewa kwastomanta ne, ta san uwata. Ta riƙe kwalar rigata, ta tambaye ni a gaban kowa ko abin yana gyara ruwa. Na fara bayani cewa ya danganta da yawan gubar, da tsawon lokacin da...

Ta wanke ni da mari.

"Za su ƙona ka, kana turanci? Ka ce e."

Na ce e. Suka zuba ruwan leda a bututun, ya fito baƙi, suka ce in sha. Na shanye, har da jinin bakina. Duk da haka suka sassare bututun da adda kafin a cire mini tayar.

Kunnen bai sake ji ba. Bututu na biyu a bakin rijiyar na haɗa shi, buntun daga gonar bappa, ƙusoshin daga tsohuwar ƙofarsa. Na ce a yi sha da girki da ruwansa, a sauya gawayin akai-akai. Yawan gubar da yake cirewa kuwa, har yau ban sami inda zan auna ba.