Hannun Mailafiya Mai Masa

Duk Tandabawi, unguwar Hausawa a Makka, ba wanda ya kai Mailafiya mai masa zargi. Ka gaishe shi da fara'a, ya ce me kake nema; ka wuce ba gaisuwa, ya ce wa ya aiko ka. Ba laifinsa ba ne. Tun yana da baƙin gashi ya zo Hajji daga Kano, jirgi ya koma ba shi, har yau ba igama, takardar izinin zama. Ga shi kuma ɗan daudu, magana da lanƙwasa, hannu da lalle. Ko ɗaya daga ciki askarawa suka ji, sai a zuba shi a jirgi zuwa garin da 'yan'uwansa suka daɗe da shafe sunansa.

To wannan mutumin ne fa Nora ta ce za ta ɗauka a fim! 'Yar wata mai sayen masarsa ce, haifaffiyar Makka, Larabci duk ya cinye Hausarta.

"Ya Kawu, tarihinka kawai nake so."

"Tarihina? Ahayye! Na san irin fim ɗinku. A sa irina ya karya ƙugu, a bi shi da bulala, gida ya ɗauki dariya. Ko kuwa askarawa ne suka ba ki aikin?"

Ta yi ta sintiri har ya gaji. Ya yarda zai ba da labarinsa yana suya, amma ban da fuska, ban da suna, hannu kaɗai za ta ɗauka. A nan ya tafka wauta. Wane ne a Tandabawi bai san hannun nan ba, lalle har wuyan hannu, tsinken juya masa riƙe da yatsu biyu? Kafin Juma'a mata na miƙo kwano suna cewa, "Mun gan ka a waya."

Sai ga wani dogon mutum ya fara zuwa, farar riga fes, hannuwa cikin aljihu. Ba ya saye, ba ya tafiya, sai ya jingina da bango yana kallon tanda. Mailafiya ya ce a ransa, tabbas askarawa ne suka turo shi. Ya ɗaure kayansa, ya samo mai motar da zai sulale da shi Jidda, yana ta tsine wa Nora a zuci.

Ranar da ya ƙudura suyar ƙarshe, mutumin ya matso. Mailafiya ya miƙe ya tare shi.

"Malam, in kama ni za ka yi, kama ni. Tsayuwar ta isa haka."

"Sunana Mukhtaru, direba ne ni a unguwar Aziziyya," in ji mutumin, murya ƙasa-ƙasa. "Na kalli fim ɗin nan, na sake kallo. Ina ta jiran inda za a yi dariya, ba a yi ba."

Ya zaro hannuwa daga aljihu. Faratan sun sha kankara har sun yi rauni, amma jan lalle bai gama fita ba.

"Baba, ban taɓa sanin irinmu na tsufa ba."

Mailafiya ya daɗe yana duban faratan nan. Tausayi ya kama shi, tsoron kuma bai sake shi ba. Ya leƙa bakin lungu hagu da dama, ya koma ya zauna, ya zuba mai a tanda.

"Mayar da hannunka aljihu, kar ka ja mana. Gobe ka dawo, ina nan."