Shafin da Anti Raheema Ta Tsallake

Anti Raheema ba ta ambaton sunan Shaiɗan sai ta yi a'uziyya gaba da baya. Haka aka rene ta a Zangon Kumasi, a gidan malami mai rubutun sha, inda ake ganin duk abin da baki ya furta ba ya faɗuwa ƙasa a banza. Ta zo garin Silver Spring, nan ƙasar Turawa, bayan rasuwar mijinta, shekara goma sha biyar ke nan, ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, ba da magani, juya mara lafiya kada kwanciya ta yi masa gyambo. Ni nas ce, 'yar Kano, ƙofarmu na kallon juna. Na sha tsokanarta cewa ko cokali ne ya faɗi sai ta tofa masa Ayatul Kursiyyu. Ba ta jin haushi, sai dai ta turo min yajin shito a kwalba.

Bara aka tura ta garin Germantown, wurin wata Baturiya mai suna Diana. Shekarunta tamanin da biyu, ciwon suga ya cinye mata ido, kuma ba ta da kowa. Abin da ta mallaka shi ne littafi ɗaya tak da ta rubuta da ƙuruciyarta, na ban tsoro: masu bautar Shaiɗan sun sace yarinya, ɗan sanda na bin sawunsu. Kullum bayan abincin rana sai ta ce a karanta mata.

Raheema ta karanta kisa, ta karanta jini, ba ta tsallake komai ba. Amma da ta iso inda mutanen ke roƙon abin bautarsu, sai ta yi tari ta tsallake. Da suka kai babin ƙarshe ta ga abin ya fi ƙarfin tari. Shafi guda cur, shugabansu ya ɗaure yarinyar a gado, yana kiran Shaiɗan ubangijinsa, yana miƙa masa ita. Sai ta rufe littafin a hankali, ta ƙirƙiro nata: ɗan sanda ya fasa ƙofa, ya kwance yarinya, kowa ya koma gida.

"Ba haka na rubuta ba," in ji Diana. "Babu wanda ya zo."

Nan ta gaya mata abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Yarinyar ƙanwarta ce, mai farfaɗiya. Mahaifinsu ya ce Shaiɗan ne a jikinta, ya ɗaure ta a gado kwana uku ba ruwa ba abinci, yana addu'a a kanta har ta daina motsi. Diana tana bakin ƙofa, tana da shekara sha ɗaya. Kalmomin shafin nan nasa ne, ɗaya bayan ɗaya. Sunan Allah kawai ta cire ta sa na Shaiɗan, don ta kasa rubuta cewa ubanta ne.

"Ina so in ji shi daga bakin wani sau ɗaya," ta ce, "in tabbata ba ni kaɗai na ji ba."

Raheema ta ce a ba ta lokaci. Ranar Alhamis ce.

Ta shigo wurina ko mayafi ba ta cire ba. Ni kuwa, Allah ya yafe min, da faɗa na tare ta. Na ce, "Haba Anti, labari ne fa. Mutumin littafi ne ke magana, ba ke ba."

"Ilham, ke 'yar boko ne," ta ce da Hausarta ta Zango. "Bakin wa zai ce ubangijina? Bakina. In mutuwa ya same ni a tsakiyar layin nan, me zan faɗi?"

Abin ya ƙara ba ni haushi. Ta tambayi limaminmu bayan Juma'a, ya ce ba laifi muddin zuciya ba ta tare da kalmar. Ta aika wa yayanta saƙon murya a Kumasi, ya ce ko da wasa kada ta kuskura. Kwana uku tana tsakanin mutum biyun nan, ba ta ci abin kirki ba. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babba ba, kuma ba tsoron aljani ba ne.

Litinin da safe ta yi alwala, ta hau bas da niyyar karantawa. Ta tarar da gidan a kulle. Ashe hawan jini ya buge Diana ranar Lahadi, tana asibiti, ba baki ba motsi. Raheema ta kira ni tana kuka. Na ce ta je, masu irin wannan hali suna ji.

Ta je. Ta ja kujera kusa da kunnen tsohuwar, ta buɗe shafin, ta karanta shi tun daga sama har ƙasa, ba tari, ba tsallake. Diana ba ta ko ƙifta ido ba. Ta cika ranar Laraba.

Anti Raheema tana nan tana aikinta, yanzu wani tsoho take dubawa a Wheaton. Ta rame, ta rage dariya, ta ƙara azumin nafila. Watan jiya muna gyaran alayyahu a kicin ɗina ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Ƙanwata, kin ce suna ji. Gaskiya ne, ko don in samu sauƙi kika faɗa?"

Shekarata goma sha biyu ina faɗa wa dangin marasa lafiya wannan magana, ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Na so in yi mata ƙarya, amma ba irin wadda ake yi wa ba ce.

Na ce, "Wasu suna ji, Anti. Ita dai ban sani ba."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki wuƙarta, ta ci gaba da yanka.